Madawa, Buza da Keita: yadda ake tono labarin ƙasa cikin yanar gizo

A shekarar 1975 an ɗauki hoton garin Galma, a ƙasar Madawa, daga cikin jirgin sama. Wanda ya dubi hoton nan zai iya ƙidaya itatuwan da ke cikin gonaki ɗaya bayan ɗaya, saboda ƙarancinsu. A shekarar 2003 aka sake ɗaukar hoton wurin daga sama, sai ga gonakin sun cika da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kowane ɗigo itace ne wanda manomi ya bari ya tashi, ya kuma kiyaye shi. Wani masanin ƙasa ɗan Amurka mai suna Gray Tappan ya jera hotunan biyu kusa da juna, tun daga nan aka yi ta nuna su a tarurrukan ƙasashen waje, ana buga su cikin littattafai, domin shaida cewa Hamada tana ja da baya idan talakawa suka tashi tsaye. To, mutum nawa ne cikin mutanen Galma, waɗanda suka yi aikin da hannunsu, suka taɓa ganin hotunan nan?

Ba Galma kaɗai ba. An yi rubutu mai yawa a kan ƙasar Adar, a kan ruwanta da duwatsunta da albasarta. A da, takardun suna kulle cikin ofisoshin Yamai da Roma da Paris, sai mai hanya ke ganinsu. Yau da yawa daga cikinsu suna cikin yanar gizo, kuma wayar da ke aljihun malamin gona ko sakataren ƙungiyar manoma tana iya kaiwa gare su. Sharaɗi biyu ne kawai: mutum ya gyara kayan aikinsa, ya kuma san yadda ake tambaya da yadda ake auna amsa.

Abin da aka ajiye game da gundumomin nan uku

A gundumar Buza, cikin kwarin Majiya, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a shekarar 1975, daga wajen Garadume, domin tare iskar da ke kwashe ƙasar gona tana binne shuka. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita, kuma masana sun zo sun auna amfanin hatsin da ke tsakaninsu, sun rubuta abin da suka gani.

A gundumar Keita, babban aikin raya karkara ya fara a shekarar 1984, shekarar fari da yunwa, wadda kuma a cikinta aka yi taron ƙasa na Maraɗi a kan yaƙi da Hamada, zamanin Shugaba Seyni Kountché. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar PAM ta ba da abinci ga masu aiki, waɗanda mafi yawansu mata ne. An farfaɗo da dubban hekta na fako, an gina madatsun ruwa, an haƙa rijiyoyi, an buɗe hanyoyi, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18. A gundumar Madawa kuma, kwarin Tarka ya samu nasa aikin na noman rani, wanda ya ƙarfafa noman albasa.

Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan ya bar rahotanni da taswirori. Amfaninsu bai ƙare ba. Ma'aikacin da aka yi wa canji zuwa Keita, in bai san abin da aka yi kafin zuwansa ba, yana iya sa jama'a aikin da aka taɓa gwadawa bai yi ba. Ƙaramar hukumar da ke shirya tsarin ayyukanta tana iya biyan kuɗi a yi mata binciken da ya riga ya kasance a rubuce. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye ta.

Burauza daban, injin bincike daban

Mutane da yawa sun ɗauka intanet ita ce WhatsApp da Facebook. Waɗannan ɗakuna biyu ne kawai cikin gida mai faɗi. Manhajar da ke buɗe sauran ɗakunan ita ake kira burauza, da Faransanci navigateur. Chrome da Firefox da Opera Mini da Safari duk burauza ne. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro yanar gizo da burauza ta farko tsakanin 1989 da 1990, a cibiyar bincike ta CERN da ke ƙasar Suwis, kuma nufinsa shi ne masu bincike su riƙa karanta takardun juna ba tare da wahala ba. Ke nan tun asali kayan bincike ne.

Injin bincike kuwa, irin su Google da Bing, kamar dillali yake a kasuwa. Mutum ya faɗa masa abin da yake nema, shi kuma ya nuna masa rumfunan da ake samunsa. Sai dai dillali yana da ladarsa. Amsoshin farko da ke fitowa, waɗanda aka rubuta wa Sponsorisé, talla ce da masu kaya suka biya. Mai bincike ya wuce su, ya duba na ƙasa.

Gyaran kayan aiki

Manomi ba ya shiga gona da hauya sai ya daidaita ƙotarta da tsawonsa. Haka burauza take: yadda ta zo daga kamfani an tsara ta ne domin mutanen da ke da intanet mai ƙarfi da arha. A wayar Android mai Chrome, ana taɓa ɗigo ukun da ke kusurwar sama, a shiga Paramètres. Gyara shida ne suka fi muhimmanci.

Na farko, harshe. A ƙarƙashin Langues ana zaɓar harsunan da mutum ke karantawa, a kuma ba burauza izinin fassara shafin da ya zo da baƙon harshe. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin rubuce-rubuce da dama a kan Keita da Majiya da Ingilishi ko Italiyanci aka yi su. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun ƙarshen 2013. Amma Hausar na'ura ta fi karkata ga ta Najeriya, kuma takan yi tuntuɓe wajen sunayen itatuwa da na ƙwari da na ma'auni. Wanda ke jin Faransanci gara ya sa a fassara masa zuwa Faransanci, sa'an nan ya gwada da ta Hausa.

Na biyu, girman rubutu. A ƙarƙashin Accessibilité ana ƙara girman baƙaƙe har su yi daidai da idon mai karatu. Dattijon da ya koyi karatu da girma ba sai ya riƙa matse ido ba.

Na uku, tsimin kuɗi. Abin da ke cinye kiredi shi ne bidiyo da hotuna da tallace-tallace, rubutu ba ya cin komai sosai. Opera Mini tana matse shafi tun kafin ya iso waya, saboda haka ta dace da ƙauyen da rezo ke da rauni. Wayar Android kanta tana da Économiseur de données, wanda ke hana manhajoji shan intanet a ɓoye. Firefox tana karɓar ƙananan ƙari masu toshe talla. Chrome ta taɓa samun nata tsarin tsimi, amma an cire shi a shekarar 2022, don haka kada a ɓata lokaci wajen nemansa.

Na huɗu, ajiya. Alamar tauraro tana sa shafi cikin Favoris, inda za a same shi gobe ba sai an sake nema ba. Yana da kyau a raba su gida-gida: na noma, na kiwo, na kasuwa, na dokoki. Alamar kibiya mai kallon ƙasa kuwa tana sauke shafi ko takarda cikin waya. Wanda ya shigo Madawa ran kasuwa yana iya sauke abin da yake bukata inda rezo ke da ƙarfi, ya koma ƙauye ya karanta a natse ba tare da intanet ba. A canza wa kowace takarda suna zuwa wanda za a gane, tare da shekararta.

Na biyar, rufe ƙofa. Shafuka da yawa suna roƙon izinin aiko da sanarwa, wanda ya amince kuwa sai wayarsa ta cika da tallar caca da alkawarin kyauta. A Paramètres des sites ana hana Notifications da tagogin da ke buɗe kansu. A kwamfutar ofis da mutane da yawa ke taɓawa, kada a yarda burauza ta riƙe kalmar sirri. Navigation privée tana hana wanda zai zauna bayanka ganin inda aka shiga, amma ba ta ɓoye mutum ga kamfanin sadarwa ko ga shafin da ya ziyarta.

Na shida, allon rubutu. A saitin allon waya ana ƙara Hausa domin samun ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sai dai a tuna cewa mutane da yawa suna rubutu ba lanƙwasa, kuma a Najeriya ana rubuta 'y a inda Nijar ke rubuta ƴ. In an nemi kalma da lanƙwasa ba a samu ba, sai a sake nema ba ita.

Iya tambaya

Wanda ya rubuta Keita kaɗai cikin injin bincike zai sha mamaki, domin abin da zai fito masa shi ne mawaƙin Mali Salif Keita, da tsoffin shugabannin Mali, da ƴan ƙwallo. Injin bai san wace Keita ake nufi ba. Sai a ƙara masa haske: Keita Tahoua, ko Projet Keita FAO, ko Ader Doutchi Maggia, sunan da yankin ke ɗauke da shi cikin takardun hukuma.

Rubutun suna ma abin lura ne. Takardun hukuma da Faransanci suke, saboda haka Madaoua da Bouza sun fi fito da rahotanni bisa ga Madawa da Buza. Kwarin Majiya kuwa Faransawa suna rubuta shi Maggia, masu Ingilishi suna rubuta Majjia. Kowane rubutu da irin takardun da yake buɗewa, mai haƙuri sai ya gwada su duka.

Akwai alamomi huɗu da ke rage wahala. In aka sa kalmomi tsakanin alamun zance, kamar "brise-vent" Maggia, injin zai kawo shafukan da kalmar ta fito yadda aka rubuta ta. In aka ƙara filetype:pdf, zai kawo cikakkun takardu irin na rahoto, ya bar gajerun labarai. In aka rubuta site: haɗe da adireshin wata hukuma, kamar site:reca-niger.org oignon, zai nema cikin gidan hukumar nan kaɗai. In aka sa alamar ragi manne da kalma, kamar Keita -Salif, zai kawar da abin da ba a so.

Gidajen da ya kamata su kasance cikin Favoris na kowane ma'aikacin karkara sanannu ne. RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, tana buga takardun dabarun noma da bayanin magungunan ƙwari da ake gani a kasuwanni. Duddal ɗakin karatu ne na yanar gizo da ya tara takardun raya karkara na Nijar. INS tana da ƙididdigar jama'a. SIMA tana bin farashin kayan gona a kasuwanni. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda ƙungiyar CILSS ta kafa a 1974, tana ba da bayanin damina da na fara. Tsoffin binciken ORSTOM, hukumar Faransa da ta koma IRD a 1998, suna cikin ma'ajiyarta mai suna Horizon, har da na ruwan Adar. Google Scholar kuma, wanda aka buɗe a 2004, rubutun jami'o'i da na masana kaɗai yake nema.

Ganin gona daga sama

Tun 1972 taurarin ɗan Adam na Landsat suke ɗaukar hoton duniya, kuma tun 2008 Amurka ta saki hotunan kyauta ga kowa. Da su aka haɗa Timelapse na Google Earth, wanda ke nuna wuri guda shekara bayan shekara tun daga 1984. Wannan shekara ta yi daidai da farkon aikin Keita. Ke nan mutumin Keita yana iya buɗe shafin, ya nemo tudun garinsu, ya kalli yadda launin ƙasa ya riƙa canzawa, ya ga inda tafkin madatsa ya bayyana da inda ƙorama ta ci gona.

Hoton sama yana da iyakarsa. Kowane ɗigo na hoton Landsat faɗinsa mita 30 ne, don haka ba a ganin gawo ɗaya ko rami ɗaya na tassa, sai dai duhun wuri ko haskensa. Hoton da aka ɗauka a watan Satumba kore ne, na watan Afrilu ja ne, ko da ba abin da ya canza. Mai gwadawa ya tabbata lokacin shekara ɗaya yake gwadawa. Domin ganin itatuwa ɗai-ɗai sai a koma ga hotunan Google Earth na kusa, a duba kwanan watan da aka rubuta a jikinsu. Da irin wannan gwaji, haɗe da zuwa gona da ƙafa, Tappan da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa sassaben zamani ya mayar da itatuwa bisa hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar.

Auna abin da aka samu

Ba duk abin da aka rubuta ne gaskiya ba, kuma na'ura ba ta jin kunyar ƙarya. Tambaya huɗu ake yi wa kowane shafi: wa ya rubuta, yaushe, don me, wa kuma ya tabbatar?

Shekara tana da nauyi. Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, kuma ta 2012 ta ba da mutum miliyan 17 da ƴan kai. Wanda ya ɗauki adadin mutanen wani gari daga takardar 2001 ya shirya rijiya ko ɗakin haihuwa da shi, aikinsa zai gaza tun ranar buɗewa. Manufar marubuci ma tana da nauyi. Rahoton da masu aiki suka rubuta da kansu yakan faɗi adadin itatuwan da aka dasa, binciken da wasu suka yi bayan shekaru shi ke faɗin nawa suka rayu. Shi ya sa ake samun adadi mabambanta a kan aiki ɗaya, kuma mai kawo adadi cikin taro ya kamata ya faɗi inda ya samo shi da shekararsa.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne maganin ƙwari. Mai albasa a kwarin Tarka ya ga ganye ya yi fari-fari saboda ƙananan ƙwarin da takardu ke kira thrips, sai wani ya turo masa bidiyo ana yabon wata kwalba. Kafin ya saya, ya rubuta sunan maganin cikin injin bincike, ya duba ko yana cikin jerin da kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wato CSP, ya amince da su, kuma ko an amince da shi domin kayan lambu. Maganin da aka yi domin auduga, in aka zuba shi a kan abin da mutane za su ci, cuta ne ga mai fesawa da mai saye. Takardar kwalba tana faɗin yawan da ake zubawa da kwanakin da ake jira kafin girbi. Abin da bai fahimta ba ya kai wa malamin gona.

Akwai kuma mayaudara masu buɗe shafi da tambarin hukuma, suna alkawarin tallafi ko aiki, suna neman lambar sirrin asusun waya. Adireshin shafi shi ke tona su. Shafukan ma'aikatun gwamnati galibi da gouv.ne suke ƙarewa. Harufan https da ke farkon adireshi suna nuna cewa an kulle hanyar saƙo, ba su nuna cewa mai shafin mutumin kirki ne. Hukumar gaskiya ba ta tambayar lambar sirri.

Tun ƙarshen 2022 aka samu manhajoji irin su ChatGPT, masu amsa tambaya da cikakken zance, har da Hausa. Suna taimakawa wajen taƙaita doguwar takarda ko bayyana kalma mai wuya. Amma sukan ƙirƙiro adadi da sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, su faɗe shi da ƙarfin hali. Duk abin da suka faɗa game da Buza ko Keita, sai an gan shi cikin takardar asali kafin a sa shi cikin rahoto.

Rabon waɗanda suka yi yaƙi da jahilci

Kada wanda ya koyi karatu a ajin manya ya ce wannan aikin ƴan lakwal ne. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a jihohin Doso da Damagaram mai suna ABC, wanda ƙungiyar CRS ta gudanar, masaniya Jenny Aker ta bi sakamakonsa. An koya wa wasu azuzuwan manya amfani da wayar hannu tare da karatu da lissafi, aka ga ɗalibansu sun fi na sauran azuzuwan ci a jarrabawa. Dalili a fili yake: karatun da ake amfani da shi kullum ba ya gudu. Wayoyin lokacin saƙon rubutu kawai suke aikawa. Na yau suna buɗe Wikipedia ta Hausa da shafukan Hausa na gidajen rediyo, kuma a 2024 Google ya ba da sanarwar sa Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da su da baki.

Duk da haka, abin da aka rubuta da Hausa game da gundumomin nan uku bai kai na Faransanci da Ingilishi ba. Sunayen fadamu da na ƙoramu, da irin gero da dawa na gargajiya, da labarin matan da suka ɗauki duwatsu a ka a tudun Keita, mafi yawansu suna bakin dattawa. Wikipedia ta Hausa a buɗe take ga duk mai iya rubutu wanda ke da hujjar abin da ya faɗa. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya sauke rahoto ɗaya, ya fassara shafi biyu, ya karanta wa ƙungiyar manoma da yamma, ya kuma rubuta gyaran da dattawa suka yi masa, ya yi wa ƙasa aiki. Wurin farawa ba shi da nisa: a rubuta Galma 1975 2003 Niger, a sauke hotunan nan biyu, a kai su Galma a nuna wa masu gonakin.